Suna Linzami: Tarihin Raɗa wa Sankarar Jini Suna

Idan aka ce wane yana fama da sankarar jini, ko ciwon dajin jini kamar yadda wasu ke faɗa, mukan ɗauka cuta ɗaya ake nufi. A bakinmu sunan guda ne, fargabar da yake jefa mu ciki ma guda ce. Amma a littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke fitar wa likitoci, cututtukan da ke ƙarƙashin wannan suna sun haura ɗari, kowace da halinta da irin maganin da take ji. Wata takan kai mutum kushewa cikin makonni in ba a tare ta da wuri ba. Wata kuwa mutum zai shekara goma da ita bai buƙaci ko allura ɗaya ba.

Bahaushe ya ce suna linzami ne. A asibiti wannan magana ba ta da ko tantama, domin sunan da aka rubuta a takardar gwaji shi ke jan likita zuwa ga magani, in an kuskure shi an kuskure hanya tun daga ƙofar gida. Fiye da shekara 190 ke nan likitoci suna raɗa wa waɗannan cututtuka suna, suna sokewa, suna sake raɗawa. Idan muka bi sawun tarihin za mu tarar kowane zamani ya sa sunan ne gwargwadon abin da kayan aikinsa suka ba shi damar gani.

Abin da ido ya gani

A watan Janairun 1832 aka karanta wa wani taron likitoci a Landan takardar Thomas Hodgkin, mai kula da ɗakin adana sassan jikin mamata a asibitin Guy's. Ya kawo bayanin mutum bakwai da suka rasu da kumburarrun kaluluwa, yawancinsu kuma da ƙatuwar saifa. A lokacin, kumburi irin wannan akan jingina shi ga tarin fuka, ko tunjere, ko wani miki da ke kusa da wurin. Hodgkin ya ce wannan ciwo daga cikin kaluluwar kanta ya taso. Bai sa masa suna ba, takardar ma ta kwanta an manta da ita. Sai a 1865 wani likitan asibitin, Samuel Wilks, wanda ya ci karo da irin cutar ya kuma gano an riga shi, ya kira ta cutar Hodgkin.

Da ido kawai Hodgkin ya yi wannan aiki. Da aka koma ga sassan da ya adana a ƙarni na 20, aka duba su da madubin likita mai ƙara girman abu, sai aka ga ba dukan mutum bakwai ɗin ke da cutar da ta ɗauki sunansa ba. Ido ya tara cututtuka daban-daban a kwando ɗaya saboda kumburinsu ya yi kama.

A 1845 aka samu gawarwaki biyu a ƙasashe biyu da suka ba likitoci mamaki. A Edinbara ta ƙasar Sikotilan, John Hughes Bennett ya binciki gawar wani mai aikin rufin gidaje ɗan shekara 28. Saifarsa ta yi girma ainun, jininsa kuma ya yi kauri, cike da wasu farare-fararen ƙwayoyi. Bennett ya ce mugunya ce ta cika jinin, duk da ya duba ko'ina bai ga ƙurjin da ta fito ba. Makonni kaɗan bayan haka wani saurayin likita a Balin, Rudolf Virchow, mai shekara 24, ya buga bayanin wata mata mai irin wannan jini. Shi ya ƙi yarda da zancen mugunya. Tun da babu miki, in ji shi, gara a faɗi abin da aka gani kawai, sai ya kira abin farin jini da Jamusanci. A 1847 ya mayar da sunan zuwa Girkanci, aka samu kalmar lukimiya.

Mu Hausawa farin jini wani abu ne da kowa ke roƙon Allah ya ba shi. Na Virchow kuwa farin ne na zahiri, wanda ake gani a kwalba idan fararen ƙwayoyi sun rinjayi jajaye. Shi da Bennett sun daɗe suna ja-in-ja a kan wanda ya riga wani, amma sunan Virchow ne ya zauna. Ya zauna ne domin bai ɗora wa cutar dalilin da ba a tabbatar ba. Da an tsaya a kan mugunya, da an ci gaba da neman ƙurjin da babu shi.

A cikin wannan shekara ta 1845 ne kuma aka aika wa Henry Bence Jones a Landan fitsarin wani ɗan kasuwa mai fama da ciwon ƙashi, ya ga wani sinadari a ciki da ke daskarewa idan an ɗumama shi. Cutar ta samu sunan miyeloma a 1873. Manyan gidaje uku ke nan da har yau muke da su: lukimiya a jini da ɓargo, limfoma a kaluluwa da danginta, miyeloma a cikin ƙasusuwa.

Marina ta shigo asibiti

A 1868 Ernst Neumann ya nuna cewa a cikin ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini, bayan shekara biyu kuma ya nuna daga can lukimiya ke tasowa. Sai dai a ƙarƙashin madubi fararen ƙwayoyin duk kusan kamarsu ɗaya, marasa launi kamar ƙanƙara cikin ruwa.

Masana'antar rini ce ta warware wannan. A wancan zamani kamfanonin Jamus suna fitar da sababbin launuka daga kwalta domin rina tufafi. Paul Ehrlich, tun yana ɗalibin likita a shekarun 1870, ya riƙa shafa waɗannan launuka a kan busasshen jini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san ba kowane ƙyalle ke shan baba iri ɗaya ba. Haka ƙwayoyin jini suka yi wa Ehrlich: wasu suka sha jan rini, wasu shuɗi, wasu suka tsaya tsaka-tsaki. Daga nan aka fara rarrabe su gida-gida. Har gobe, idan aka ɗebi jininmu aka shafa a gilashi aka rina, gadon wannan aiki ake ci.

Da rini aka raba lukimiya ta fuska biyu. Ta fuskar asali, akwai ta dangin ɓargo da ta dangin kaluluwa. Ta fuskar tafiya, akwai mai gaggawa, wadda Wilhelm Ebstein ya ware a 1889, da mai tafiyar hawainiya. A mai gaggawa, ɗanyun ƙwayoyi ne da ba su nuna ba suke cika ɓargo, su hana shi ƙera jini mai amfani. Biyu sau biyu huɗu, su ne haruffan da muke gani a takardun asibiti: AML da ALL masu gaggawa, CML da CLL masu jan lokaci.

Cutar Hodgkin ma ta samu shaidarta. Carl Sternberg a Biyana a 1898, da Dorothy Reed a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1902, sun siffanta wata ƙatuwar ƙwaya mai cibiya biyu kamar idanun mujiya. Sternberg ya ɗauka wani nau'in tarin fuka ne. Reed ta ce ba shi ba ne, ita ce kuwa ke da gaskiya.

Duk da haka, har kusan tsakiyar ƙarni na 20 waɗannan sunaye ba su ceci kowa ba. Likita yana iya faɗa wa iyaye sunan cutar ɗansu da kimanin watannin da suka rage masa, iyakacinta ke nan. Abin ya sauya a 1948, lokacin da Sidney Farber a Boston ya ba da rahoton yara 16 masu lukimiya mai gaggawa da ya ba wani magani mai suna aminopterin, 10 daga cikinsu suka samu sauƙi na ɗan lokaci. Sannu a hankali aka lura cewa magungunan da ke aiki a kan dangin kaluluwa ba su cika yin tasiri a kan dangin ɓargo ba. Daga ranar, kuskuren suna ya zama abin da ke iya cin rai.

Kamfala da Ibadan

Afirka ta shiga wannan tarihi ta hannun yara. A asibitin Mulago da ke Kamfala a Yuganda, wani likitan fiɗa ɗan Ayalan, Denis Burkitt, ya riƙa ganin yara masu kumburin muƙamuƙi da ke girma cikin kwanaki. A 1958 ya buga bayanin yara 38. Kafin shi, kumburin muƙamuƙi da na ido da na ciki kowanne sunansa daban. Shi ya ce cuta ɗaya ce ke fitowa a wurare dabam-dabam. Ya kira ta sakoma, wato sankarar tsoka da ƙashi, amma abokan aikinsa masu duba nama a madubi, Gregory O'Conor da Jack Davies, suka nuna limfoma ce.

A 1961 Burkitt da abokansa biyu suka yi tafiyar kusan mil 10,000 a mota, asibiti zuwa asibiti a gabashi da kudancin Afirka, suna tambayar inda ake ganin cutar. Taswirar da ta fito ta bi zafi da ruwan sama, ta kuma kauce wa tsaunuka masu sanyi. Daga baya aka gane taswirar zazzaɓin cizon sauro ce. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wani bairos a cikin ƙwayoyin wannan sankara a Landan, bairos na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Ibadan ta ba da nata kason. A 1963 R. J. V. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin sankarar wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11 a cikin kwalba, suka ci gaba da hayayyafa ba tsayawa. Ana kiran su Raji, kuma har yau ɗakunan bincike a faɗin duniya suna aiki da su. A Ibadan ɗin dai wani likitan fiɗa ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani kaɗai na iya narkar da wannan kumburi, aikin da ya sa ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu. Yaron da ke da limfomar Burkitt, in an gane ta da wuri, yana iya warkewa sarai. In aka ɗauke ta ciwon haƙori aka yi ta jiƙe-jiƙe, makonni kaɗan sun isa ta fi ƙarfin magani.

Kowane tsuntsu da kukan gidansu

A shekarun 1970 sunaye sun yi yawa har sun zama matsala. Tsarin Henry Rappaport, wanda Amurkawa suka fi bi, ya dogara ne da girman ƙwaya da yadda take jeruwa. Ana cikin haka masu binciken garkuwar jiki suka gano cewa ƙwayoyin kaluluwa, masu kama ɗaya a madubi, ƙabila biyu ne: B da T. Sai ga shi abin da Rappaport ya jingina ga wata ƙwaya daban, yawancinsa 'yan ƙabilar B ne. A 1974 Karl Lennert ya fito da tsarin Kiel a Jamus, Robert Lukes da Robert Collins suka fito da nasu a Amurka, Ingila ma tana da nata. Aka wayi gari da tsari shida ana aiki da su a lokaci guda.

Wannan ruɗani majiyyaci ne ke biyan kuɗinsa. Idan likitocin Jamus suka ce magani kaza ya yi aiki a kan cuta kaza, likita a Amurka ba shi da tabbacin wane ne cikin majiyyatansa ake nufi. A 1982 Cibiyar Sankara ta Ƙasar Amurka ta ɗauki nauyin wani tsari na wucin gadi da zai zama tafinta tsakanin shidan. Turai ta ci gaba da bin Kiel, Amurka ta rungumi tafintan ta mayar da shi harshenta.

Masu lukimiya sun riga su sasantawa. A 1976 likitocin jini bakwai daga Faransa da Amurka da Birtaniya suka zauna suka duba gilasan jini masu yawa tare, har suka yarda da suna ɗaya ga kowace kama. Tsarin ya ɗauki haruffan farko na ƙasashensu, FAB. Dangin ɓargo suka zama M1 zuwa M6, daga baya aka ƙara M7 da M0. Dangin kaluluwa suka zama L1 zuwa L3. Sun kuma ja layi: sai ɗanyun ƙwayoyi sun kai kashi 30 cikin ɗari na ɓargo za a kira cuta lukimiya mai gaggawa. Kyawun FAB shi ne ba ya buƙatar komai sai madubi da rini da gogaggen ido.

Suna ya koma cikin gado

Tun kafin FAB an fara leƙa abin da ya fi ƙwaya zurfi. A cikin cibiyar kowace ƙwaya akwai ƙunshin zaren gado guda 46 da ake kira kuromosom. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura cewa masu CML suna da wani guntun kuromosom, aka sa masa sunan garinsu, Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley a Shikago ta nuna cewa musanya ce ta faru: kuromosom na 9 da na 22 sun karye, sun yi musayar gutsattsari. A mahaɗar aka samu wata gurɓatacciyar ƙwayar gado mai suna BCR-ABL, wadda ke umartar ƙwayoyin jini su yi ta haihuwa ba hutu. A 2001 aka amince da imatinib, maganin haɗiya da ke toshe wannan umarni. Cutar da a da ke kashewa cikin 'yan shekaru ta zama wadda mutane da yawa ke tsufa da ita.

M3 ta FAB ta fi kowace nuna amfanin suna. Leif Hillestad na Nowe ya siffanta ta a 1957 a matsayin lukimiya mai kashewa da zubar jini cikin ɗan lokaci. Rowley ta gano musayar kuromosom na 15 da na 17 a cikinta a 1977. A shekarun 1980 Wang Zhenyi da ɗalibansa a Shanghai suka gwada wani sinadari ɗan gidan bitamin A, sai ɗanyun ƙwayoyin suka nuna suka zama cikakku. Likitocin Harbin, su ma a ƙasar Sin, suka kawo sinadarin asenik, wanda duniya ta sani a matsayin guba. In aka haɗa biyun, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu wannan nau'i da suka samu kulawa da wuri suna warkewa. Wannan haɗi ba ya yi wa sauran nau'o'in AML irin wannan aiki. Majiyyata biyu na iya kwanciya gado da gado, kamanninsu ɗaya, harafi ɗaya da lamba ɗaya a takarda ne zai raba maganinsu.

A 1994 masana limfoma daga Turai da Amurka suka ajiye gaba suka fitar da tsari ɗaya mai suna REAL. Ƙa'idarsa ita ce, cuta ba ta cika cuta mai zaman kanta sai an haɗa shaida huɗu: kamarta a madubi, tambarin da ke jikin ƙwayoyinta, sauyin da ke cikin gadonta, da yadda take tafiya a jikin majiyyaci. A kan wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina littafinta na 2001, ta sabunta shi a 2008 da 2016. A littafin 2001 aka sauko da layin FAB daga kashi 30 zuwa 20, don haka mutanen da jiya ba a kiran su masu lukimiya suka wayi gari da sunan. Cutar Hodgkin ita ma ta koma limfomar Hodgkin, bayan an tabbatar a shekarun 1990 cewa ƙwayar nan mai idanun mujiya 'yar ƙabilar B ce.

Zaman lafiyar ya kai shekara 21. A 2022 masana suka sake rabuwa, aka fitar da tsari biyu: bugu na biyar na Hukumar Lafiya ta Duniya, da wani mai suna ICC. Sun yarda a kan mafi yawan abubuwa, amma sun saɓa a bakin iyaka. Mutumin da ɗanyun ƙwayoyinsa ke tsakanin kashi 10 da 19 yana iya samun suna biyu, gwargwadon littafin da likitansa ya buɗe, sunan kuma na iya shafar maganin da za a ba shi da gwajin sabon magani da zai cancanci shiga.

Inda abin ya same mu

Sababbin sunayen suna da tsada. Kafin a rubuta su sai an samu na'urar da ke karanta tambarin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, da sinadaran rina nama na musamman, da gwajin ƙwayoyin gado. Asibitoci da yawa a ƙasashenmu madubi da rini kaɗai suke da su, don haka likita yakan tsaya a harshen 1976, ko ya aika samfurin jini wani gari mai nisa da kuɗin dangin majiyyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe marasa ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba. Jinkirin gane cuta da kuskuren sunanta suna cikin dalilan da ta lissafa.

Misali yana kusa da mu. Tun 2003 asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya zama cibiyar da masu CML daga sassan Najeriya ke karɓar imatinib kyauta ta hanyar wani shirin agaji na ƙasa da ƙasa. Sharaɗin shiga shi ne gwaji ya tabbatar da kuromosom ɗin Filadelfiya ko BCR-ABL. Wanda takardarsa ta tsaya a kan sankarar jini kawai, bai riƙe mabuɗin wannan ƙofa ba tukuna.

Saboda haka idan likita ya ce da mu ɗan'uwanmu yana da sankarar jini, kada firgici ya hana mu tambaya ta gaba: wace iri? Mai gaggawa ce ko mai jan lokaci? Ta dangin ɓargo ce ko ta kaluluwa? Da wane gwaji aka tabbatar, akwai kuma wanda ya rage a yi? Mu nemi a rubuta mana cikakken sunan, mu adana takardar, mu tafi da ita duk asibitin da aka tura mu. Masu riƙe da baitulmalin lafiya kuma ya kamata su tuna cewa sayen maganin sankara ba tare da gina ɗakin gwaji ba tamkar harbi ne a duhu. Ƙwayoyin yaron nan na Ibadan sun haura shekara 60 suna taya duniya gane waɗannan cututtuka, bai dace a ce yaran ƙasarsa ne ke rasuwa ba a san sunan abin da ya kwantar da su ba.